Karyar Kawuna da Cingam Marar Suga

Shekarun baya, lokacin ina tuƙa a-kori-kura a Makka, na taɓa ɗaukar karya a kujerar gaba na kai ta asibiti Jidda. Duk wanda ya san ni a wancan zamanin, in na faɗa masa haka dariya yake yi, don ni mutum ne da ko ɗan kwikwiyo na hango sai na sauya hanya. Ba kuma tsoron Allah ne ya yi mini yawa ba. Tsoron kare ne kawai, na ɗinka masa rigar addini.

Aikina a lokacin rarraba abincin dabbobi ne, buhunan sha'ir da dammunan ciyawa, daga shagon kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar, zuwa garakan da ke bayan gari. Ina kwana a Rusaifa, ɗaki ɗaya da wasu 'yan garinmu. Cikin garakan da nake kai wa kaya akwai wanda kawuna yake tsaro, yayan mahaifiyata. Shi ya zo aikin Hajji ne tun ina goye, bai koma ba. Ya yi aure a nan, ya hayayyafa, iyalinsa na can saman dutse a Nakkasa, shi kuma yana zaune da tumakin wani Balarabe kudu da gari, tsakanin baƙaƙen duwatsu. Ba shi da iƙama, wato takardar zama. Kowa a dangi ya sani, ba a dai ɗauko zancen.

Mai tumakin ne ya kawo masa karyar tana ƙarama, saboda karnukan jeji sun addabi 'yan raguna. Ja ce, doguwa, kunnenta ɗaya a karye. Kawu bai taɓa sa mata suna ba, “ke” kawai yake ce mata. A gaban mutane kuwa kamar sanda ko fitila yake ɗaukarta, kayan aiki. In na ce, “Kawu, wannan abar ta cika matsowa kusa da mutum,” sai ya daka mata tsawa ta koma gefe. Amma na sha isa garken ban yi hon ba, in tarar ya jiƙa buhu da ruwa ya shimfiɗa mata a inuwar tanki, ko ya gutsuro burodin da ke hannunsa yana miƙa mata, yana yi mata hira kamar wata tsohuwar maƙwabciya. Da ya gan ni sai ya miƙe ya hau gyaran igiya.

Kawu yana da ciwon suga, har allura yake yi wa kansa. Da can in rana ta take, bakinsa ya bushe, alawa yake tsotsa, sai likita ya hana shi. Autarsa ce ta samo masa mafita. Ita a Makka aka haife ta, Larabci ya fi zama a bakinta, Hausarta kuwa sai ka yi haƙuri da ita. Ƙunshi take yi wa amare, kuma duk 'ya'yansa ba wadda ta damu da lafiyarsa kamarta. Ta je saidaliyya, kantin magani ke nan, ta sayo masa cingam marar suga, irin mai zuwa a babbar roba mai murfi. A gabana ta ba shi.

“Baba, wannan bidun sukkar ne, ba suga ko kaɗan. Ka tauna yadda kake so. Halas, shi ke nan, ba alawa kuma.”

Ya karɓa yana gunaguni, wai da furfurarsa za a mai da shi ɗan makaranta. Daga baya sai ya zama ba ya rabuwa da robar. In ta ƙare, ta sake kawo wata.

Ranar da abin ya faru da hantsi na isa. Karyar ba ta fito ta yi mini haushin da ta saba ba, har na ji daɗi a raina. Na zagaya bayan tanki sai na ga Kawu a tsugune, ita kuma a gabansa tana ƙoƙarin tashi, ƙafafunta na baya sun ƙi. Ta miƙe da ƙyar, ta yi tangaɗi kamar mai jiri, ta sake zubewa. Ga amai nan a ƙasa, fari, yana ƙamshin na'ana'a.

“Maciji ne?” na tambaya daga nesa.

“Na duba ko'ina, ba sara,” in ji shi. Ya nuna mini wani abu da haɓa. Robar cingam ce a yashe, an tattauna murfin, ciki wayam. “Sabuwa ce, jiya aka kawo. Wata tunkiya ce haihuwa ta zo mata da gardama, na bar robar kan tabarma na tafi. Kafin in dawo ta share ta.”

Ni dariya ma ta so kama ni. Na ce, “To ai cingam ne, Kawu. Zai ɗan ƙulle mata ciki, gobe ta fitar da shi.”

Bai kalle ni ba. Ya ɗora tafin hannunsa a haƙarƙarinta, duk jikinta na karkarwa.

“Ɗan nan, wannan rawar jikin na san ta. Ita ce take kama ni in na yi allura ban ci abinci ba. Suganta ne ya faɗi.”

Na ce, “Abin da ba suga a cikinsa, ina ruwansa da suganta?”

“Ban sani ba. Buɗe mota.”

Na nufi bayan motar zan sauke ƙofar, ya ce in taɓa ƙarfen in ji. Na taɓa, na janye hannu. Ko awa ba za ta yi a kan wannan ƙarfen ba. Haka ina ji ina gani ya ciccibe ta, dattijo mai ciwon gwiwa, ya shiga gaba ya ɗora ta a cinyarsa. Na tuna har jaridar da ke kan dashbod na jawo zan shimfiɗa wa kujera, ya yi mini wani kallo, na mayar.

Kusa da kasuwar tumaki akwai wani kantin maganin dabbobi da muke hulɗa da shi. Mai kantin mutumin kirki ne, ya fito har bakin mota. Ya ɗaga leɓen karyar ya duba, ya karɓi robar ya juya bayanta, ya bi rubutun da yatsa har ya tsaya a wata kalma.

“Zailitol,” in ji shi. “Shi ne abin zaƙin da suke sawa a madadin suga. Mutum ba ya yi masa komai, kare kuwa guba ne. Ni tumaki da awaki da raƙuma na sani, ba ni da abin da zan yi mata a nan. Tana bukatar ƙarin ruwa da gwajin jini. Ku kai ta Jidda, akwai asibitin karnuka da kyanwoyi. Yanzu, ba anjima ba.”

Ya kwatanta mini wurin. Ya ce mu sayi zuma a kantin da ke gefe, a riƙa shafa mata a dasashi a hanya, amma kada a ɗura mata a maƙogwaro, za ta shaƙe.

Kawu ya ce, “Mu je.”

Na kama sitiyari ban tayar da mota ba. A shekarar an tsananta kame. Kullum sai ka ji an kwashe wasu daga wurin aiki an kai tarhil, inda ake tsare mutum kafin a mayar da shi ƙasarsa. Hanyar Jidda kuwa akwai shingen bincike, askarawa na tsayar da motoci suna tambayar takardu. Kawu ya yi shekaru bai bi ta wannan hanya ba. In aka kama shi, ya rabu da matarsa da 'ya'yansa ke nan. Ni ma da na ɗauko shi ba zan tsira ba, iƙamata za ta iya tafiya.

Na ce, “Kawu, shinge.”

“Na sani.”

“In suka tsayar da mu fa?”

“Ba ta yarda da kowa sai ni,” in ji shi. “In ta farka ta gan ka, cizonka za ta yi.”

Ni ma abin da nake tunani ke nan. Muka zauna a haka, injin a kashe, gumi na zuba. Ban ce masa ya sauka ba, ban kuma iya cewa mu tafi ba. Can sai ya buɗe ƙofa da kansa. Ya zame daga ƙarƙashinta a hankali, ya kwance jan ƙyallen da yake naɗawa a ka, ya ninka ya sa mata a ƙarƙashin kai. Ya shiga kanti ya fito da kwalbar zuma, ya lakato da yatsa ya shafa mata a dasashi, ya nuna mini yadda ake ɗaga leɓen.

Sannan ya sunkuya ya ce mata, “Ke, ɗan ƙanwata ne. Kada ki ba ni kunya.”

Ya rufe ƙofar. Da na hau titi na duba madubi, yana tsaye a rana da kai ba ƙyalle, motocin tumaki na wucewa ta gefensa.

Tafiyar nan ba zan ce na yi jarumta ba. Tsayawar farko da na yi don shafa zuma, leda na nema na naɗe yatsana, kamar mai shirin taɓa wuta. Ledar ta zame, zumar ta zuba a kujera, karyar ko motsi ba ta yi ba. A tsayawa ta biyu jikinta ya fara fizga, ƙafafu suka miƙe, kumfa na fita a baki. Na manta da leda. Na jira fizgar ta lafa, na sa yatsa haka nan na shafa. Dasashinta sanyi ƙalau, fari fat. Ta buɗe ido ta kalle ni, ba ta cije ni ba, ba ta ma da ƙarfin da za ta yi. Daga nan sai na riƙa tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan a kan wuyanta don in ji ko tana numfashi.

A shinge askar ɗin ya leƙo, ya ga karya a kujera, ya ɗan ja baya.

“Taka ce?”

Na ce, “Ta tsohona ce, ba ta da lafiya.”

Ya kaɗa mini hannu in wuce. Ko iƙamata bai tambaya ba. Na daɗe ina juya wannan a raina, cewa da Kawu yana motar da wataƙila mun wuce lafiya. Amma washegari da na sake bi, sai da suka sauke ni suka duba har ƙarƙashin kujera. Saboda haka ban taɓa ba shi labarin ko ɗaya ba.

Asibitin wani wuri ne mai sanyi da ƙamshi, ya fi ɗakin da nake kwana tsabta nesa ba kusa ba. Mata ne zaune da kyanwoyi masu dogon gashi a cikin kwanduna. Sai ga ni na banko ƙofa, riga duk ƙaiƙayin ciyawa da zuma, rungume da karyar garke a cikin jan ƙyalle. Wata ta janye kwandonta. Ban ga laifinta ba, da ni ne ma abin da zan yi ke nan.

Likitan ɗan Sudan ne, dogo, mai magana a hankali. Da na miƙa masa robar bai tsaya tambaya ba, ya kira ma'aikatansa suka shige da ita ciki. Na zauna ina kallon hannuna. Na shiga bayi na wanke shi da sabulu har fata ta yi ja, na dawo na zauna, sai kuma na ji kunyar kaina ba tare da na san dalili ba.

Da ya fito ya zaunar da ni ya yi mini bayani, rabi da Larabci rabi da hannu. Ya ce jikin kare yana ɗaukar wannan abin zaƙin a matsayin suga na gaske, sai ya saki insulin da yawa, irin wanda Kawu yake yi wa kansa allura, sugan jinin ya faɗi warwas. Ya ce zumar ta taimaka ta iso da rai, kuma wannan ɓangaren suna iya gyara shi da ƙarin ruwa.

Na ce, “Alhamdu lillahi, ta tsira ke nan.”

Ya ɗan karkata kai. “Akwai na biyu. In abin da ta ci ya yi yawa yana taɓa hanta, kuma wannan ba ya nunawa yau. Roba guda ta cinye. Za mu riƙe ta, mu ba ta maganin kare hanta, mu riƙa duba jininta. Ba zan yi maka alkawari ba.”

Kafin la'asar sai ga ta ta ɗaga kai, har ta yi wa wani ma'aikaci gurnani. Na kira Kawu na faɗa masa. Ya yi hamdala ya maimaita, sannan ya gyara murya ya ce dama ya san taurin rai gare ta. Na faɗa masa zancen hanta, amma na lura bai shiga kunnensa ba. Tambayarsa ɗaya, ko ta ci abinci.

Kwanakin da suka biyo baya, in na gama rabon kaya sai in miƙa Jidda. Abokan ɗakina suka samu abin yi. In na shigo sai wani ya ce, “Ya mai jikin?” sauran su fashe. Ɗaya har ya ce in gaya masa lokacin ziyara, zai kai mata lemo. Ban ji haushi ba, don da wani ne ni zan fi kowa tsokana. Shi kuwa Kawu ya koma kwana a tsakiyar tumaki da sanda, yana aikin da take yi.

Zuwana na biyu na tarar ta ƙi abinci. Na gaba kuma likitan ya ɗaga mini fatar idonta, farin ya koma rawaya, dasashin ma haka. Inda aka sa mata allura jini ya ƙi tsayawa. Ya ce hantar ce, suna iya ƙoƙarinsu, amma in akwai mai son ganinta ya zo.

Na fita waje na kira Kawu, na faɗa masa yadda aka faɗa mini. Ina jin kukan tumaki ta bayansa.

“Tana ji?” ya tambaya.

“Idonta biyu.”

“Kai mata wayar.”

Na koma ciki, na roƙi ma'aikacin ya buɗe kejin. Na ƙara sautin wayar na ajiye kusa da kunnenta, wanda ba a karye ba. Kawu bai yi wata doguwar magana ba. Ya yi ɗan fito irin wanda yake yi in zai kora tumaki gida da yamma, sannan ya ce, “Ke. Sannu. Sannu, kin ji?” Ta motsa kunnen, ta buga jela a ƙasan kejin sau ɗaya ko biyu. Ma'aikacin, wani ɗan Filifin da ba ya jin ko kalma ɗaya ta Hausa, ya juya ya hau gyara wasu kwalabe da ba su bukatar gyara.

Washegari da safe suka kira ni cewa ta mutu.

Likitan ya ce za su iya ɗauke mini nauyin gawar. Na tambayi Kawu, ya ce in kawo ta. Na naɗe ta a ƙyallensa, wannan karon ba wanda ya ce in sa ta a gaba, ni na sa ta. Kafin in iso ya riga ya haƙa rami a bayan garke, a ƙasar da in ka sara diga sai ta yi tsalle. Ban san yadda ya yi da gwiwarsa ba. Muka sa ta, muka mayar da ƙasa, ya jera manyan duwatsu a kai saboda karnukan jeji. Bai yi kuka ba. Ya wanke hannu a bakin tanki, ya tambaye ni ko sha'ir ɗin da na kawo wancan makon sabon zuwa ne, don tumaki ba sa cinsa sosai.

Sai da zan shiga mota ya riƙe ƙofar.

“Ƙanwarka auta ba ta san abin da ya kashe karyar nan ba. Kada ta sani.”

Na ce, “Kawu, ai ba laifinta ba ne.”

“Ni na san haka, kai ka san haka. Ita ba za ta sani ba. Lafiyata ta nema.”

Ranar Juma'a autar ta zo garken tare da mahaifiyarta, ni na kawo su. Ta dudduba ta ce, “Baba, fen karyar? Ina take?” Ya ce ta ci wani abu ne a jeji, kwananta ya ƙare. Ta yi salati, ta ce miskina, har ta share hawaye, don ita ma ta saba da ita. Sannan ta buɗe jaka ta fito da sabuwar roba ta miƙa masa. Ina tsaye ina kallo ya sa hannu biyu ya karɓa, ya sa mata albarka. Da suka shiga rumfa ya zagayo ya tura mini robar a aljihu, ya ce in fitar da ita daga garken, don mai tumakin ya ce zai kawo wani kwikwiyo.

Haka muka yi ta yi. Tana sayowa, yana karɓa, ina kwashewa. Abokan ɗakina sun tauna cingam a wannan shekarar har muƙamuƙinsu ya gaji. Shi kuma ya koma sa ɗan tsakuwa mai santsi a baki in ƙishi ya dame shi, irin yadda ya ce makiyaya suna yi a garinmu.

An kawo sabon karen, baƙi, mai hayaniya. Kawu yana ba shi abinci da ruwa a kan lokaci, ba ya dukansa, amma ban taɓa tarar da shi yana yi masa hira ba.

Ita autar da kanta ta gano, bayan an daɗe. Ta ci karo da bayanin a waya, ta kira ni ko gaisuwa ba ta gama ba.

“Yaya, ka faɗa mini gaskiya, wallahi. Cingam ɗin nan ne, sah? Shi ne ko?”

Na ce eh, don ban ga amfanin ƙarya ba kuma. Ta tambaya ko karyar ta sha wahala. Na ce an kula da ita iyakar kulawa. Ta ce, “Kada ka gaya wa Baba na sani.” Na ce to. Na zama ina riƙe da amana biyu a kan magana ɗaya. Ba ta daina kawo masa abu ba, sai dai ta koma kawo asuwaki da ɗanyen kokwamba, ta ce wai an ce sun fi. Ya ce ai kuwa ya ji sun fi.

Bayan wasu shekaru hukuma ta ba marasa takardu damar fita ba tare da hukunci ba. A lokacin an fara rushe wani ɓangare na unguwarsu, gwiwar Kawu ta ƙi, suga ya fara taɓa idonsa. Ya ce gida zai koma. Aka yi masa takardar fita, ni na ɗauke shi zuwa filin jirgi a Jidda. A shinge aka tsayar da mu, ya miƙa takardar da kansa, askar ya duba ya mayar masa. Kawu ya riƙe ta a hannu bai mayar aljihu ba har muka shiga gari.

Muna da sauran lokaci, na ce ko zai ci wani abu. Ya ce a'a.

“Wurin nan da ka kai ta, yana kan hanya?”

Ba ya kan hanya, amma na ce eh. Na juya mota muka je. Na tsaya a gaban asibitin, na ce ko zai shiga, wataƙila likitan yana nan. Ya girgiza kai. Ya sauke gilashi kawai yana kallon ƙofar. Wata yarinya ta fito da kyanwa a kwando, ta shiga mota suka tafi. Ya daɗe yana kallo.

“Ashe nan kusa ne,” in ji shi.

Ya ɗaga gilashin, muka wuce filin jirgi.

Kawu yana nan da rai a garinmu, idon ya yi rauni amma baki na nan. Autar ta yi aure, ita ta ba ni izinin rubuta wannan, da sharaɗin kada in sa sunanta. Ni kuma na bar tuƙi tuntuni. Har yanzu ba na son kare, in na gan shi a hanya ina tsallakawa ɗaya gefen, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da ya sauya ɗan kaɗan ne. In na ga mai kare, makiyayi ne ko mai gadi, nakan tsaya in ce masa ya yi nesa da cingam da alawa marasa suga daga inda karensa zai kai baki, in kuma ya riga ya ci, kada ya jira sai ya ga alama, ya nemi likitan dabbobi nan take. Wasu su gode, wasu su yi mini kallon wanda rana ta taɓa.

Mutuwar karyar ba ta cika damuna ba yanzu, dabba ce, ta yi aikinta ta tafi. Abin da yakan dawo mini shi ne zaman nan da muka yi a mota gaban kantin magani, injin a kashe. Na san dalilina na ƙin tayar da motar, kuma ko yau aka mayar da ni wurin ba na jin zan tayar. Shi ma ya sani, shi ya sa ya sauka da kansa, don kada ya sa ɗan ƙanwarsa ya furta. A lokacin na ɗauka karyar kaɗai yake tausayi.